Harvard, Landan ko Riyad: Ina Mai Binciken Tsaro Daga Cikinmu Zai Dosa?

Ƙanena ta wajen uwa malamin jami'a ne a Sudan har zuwa 15 ga Afrilu 2023, ranar da sojoji da dakarun Da'am Sari (RSF) suka buɗe wa juna wuta a Khartum. Daga baya ya biyo jirgin ruwa daga Sawakin ya sauka wurinmu a Jidda da jaka ɗaya da kwamfutarsa. Kundin digirinsa na uku a kan rigimar ƙasar noma da sarauta ne a jihar Nilul Azrak, kuma bai daɗe da kare shi ba sai ga kashe-kashen Yuli 2022 a Rusairis da Damazin, sannan na Wad al-Mahi a Oktoba, inda Hausawa da maƙwabtansu suka yi asarar rayuka masu yawa. Wani dare bayan isha'i ya ajiye min takardu uku a gabana ya ce, "Yaya, zama ya ishe ni. Amurka zan nema, ko Ingila, ko in tafi Riyad?" Amsar da na ba shi ta ɗauke mu makonni, kuma na ga ba shi kaɗai take yi wa amfani ba. Akwai 'yan Najeriya da Nijar da ke kammala karatu a Madina da Ummul Ƙura da Jami'ar Imam, akwai 'ya'yanmu haifaffun Makka, duk suna wannan tambayar.

Abin da yake nema shi ne abin da a nan muke kira zamala. Ta bambanta da tallafin karatu, domin a mafi yawanta ba digiri ake bayarwa ba. Jami'a ko cibiyar bincike ce take ɗaukar mutum na wata tara zuwa shekara biyu, ta ba shi ofis da katin laburare, sau da yawa har da kuɗin wata, shi kuma ya zauna ya mayar da kundinsa littafi ko maƙaloli, ya tsaya gaban malamai su yi wa aikinsa filla-filla. Iri biyu ce: ta wanda ya rage masa rubuta kundi kawai, da ta wanda ya riga ya zama dakta.

Na fara masa da Amurka saboda can zuciyarsa take. Sunaye uku ne suka fi amo. Cibiyar Belfer ta Harvard, wadda Paul Doty ya assasa a 1973, ita ke shirya mujallar International Security da ke fitowa tun 1976, kuma duk mai wannan fanni ya san nauyin fitowa a cikinta. Sai cibiyar nazarin tsaro ta CISAC ta Jami'ar Stanford a Kalifoniya, sai shirin nazarin tsaro na MIT, maƙwabciyar Harvard a gari ɗaya. Akan rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, a fara zama a Satumba. Suna son tsarin bincike na 'yan shafuka, da samfurin rubutu da Turanci, da wasiƙun malamai, galibi uku.

Kafin mutum ya ɓata dare yana cike fom, ya kamata ya san abin da kalmar tsaro take nufi a waɗannan gidajen. An gina su ne lokacin yaƙin cacar baka, kan tsoron makamin nukiliya, kuma har yau jijiyarsu ke nan: nukiliya, takun-saƙar Amurka da Sin da Rasha, hare-haren intanet, cututtukan da za a iya mayarwa makami. Ɗaya daga cikin waɗanda suka shugabanci CISAC, Siegfried Hecker, tsohon shugaban ɗakin binciken makaman nukiliya na Los Alamos ne, wanda Koriya ta Arewa ta nuna wa masana'antar tace yuraniyom ɗinta a Yongbyon a 2010. Gidauniyar Stanton tana biyan zamala ta musamman a duka wuraren nan uku, ta nukiliya zalla. Ba wai sun rufe ƙofa ga mai nazarin yaƙin basasa ko ƙungiyoyin 'yan bindiga ba. A Stanford ɗin ne Martha Crenshaw ta jagoranci aikin tattara tarihin ƙungiyoyin masu ɗauke da makamai da yadda suke haɗewa da rabewa. Amma wanda ya zo da labarin Wad al-Mahi, dole ya nuna musu wace tambaya ce babba labarin yake amsawa, wadda za ta yi aiki a Mindanao ta ƙasar Filifin ko Kolombiya: me ya sa yarjejeniyar sulhu da aka sa wa hannu a babban birni, kamar ta Juba ta Oktoba 2020, takan kunna sabuwar wuta a ƙauye? In ya iya juya aikinsa haka, suna saurare. In labarin garinsu kawai ya kawo, komai daɗinsa, ba zai wuce zagayen farko ba.

Ribar Amurka a bayyane take. Shekara ɗaya a can tana buɗe ƙofofi har ƙarshen rayuwar aiki, kuma irin tankaɗe da rairayar da ake yi wa rubutu a zaurukansu ba kasafai ake samunsa a wani wuri ba. Hasararta kuma biyu ce. Ta farko haya: Cambridge ta Massachusetts da kewayen Stanford suna cikin wuraren da suka fi tsadar gida a Amurka, kuɗin zamala kuwa an auna shi ne da bakin mutum ɗaya. Mai mata da 'ya'ya huɗu ya yi lissafi da kyau. Ta biyu ita ce ta kashe maganar ƙanena a take. Mai zamala da bizar J-1 yake shiga, kuma tun 9 ga Yuni 2025 dokar shugaban Amurka ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga, ciki har da Sudan da Chadi. A Disamba na shekarar aka ƙara Nijar a jerin, aka kuma taƙaita wa 'yan Najeriya bizar ziyara da ta karatu da ta musayar malamai. Irin wannan doka takan canja, saboda haka mutum ya duba halin da ake ciki ranar da zai nema. Sai dai a lokacin, cikinmu Hausawan da ke zaune a wannan ƙasa, mai fasfon Saudiyya ne hanyar Amurka ta fi zama a share gare shi. Na ce wa ƙanena, "Ajiye wannan takardar. Ba ƙarancin iliminka ba ne, fasfon da ke aljihunka ne."

Sai muka juya Turai, inda na fi daɗewa da shi, domin a ganina nan ne mafi yawanmu za su samu shiga.

A Landan akwai Sashen Nazarin Yaƙi na Kwalejin King's, wanda Michael Howard ya kafa a 1962. Amma abin da ya fi kusa da mu a King's shi ne Cibiyar Jagoranci ta Afirka, ALC, wadda Farfesa Funmi Olonisakin 'yar Najeriya ta kafa, aka buɗe ta a Nairobi a 2010 da haɗin gwiwar Jami'ar Nairobi. Zamalarta ta zaman lafiya da tsaro don matasan Afirka aka yi ta. Mutum ya yi karatu a Landan, sannan a tura shi wata jami'a ko hukuma a Afirka ya yi aiki na wasu watanni. Tana da wani reshe na mata zalla, abin da nake so iyayen 'yan matanmu da suka yi karatun siyasa ko shari'a su sani. A nan ba sai ka yi bayanin me ya sa Sahel ke da muhimmanci ba, kowa a ɗakin ya sani. Amma ta fi dacewa da matashin da bai yi nisa ba, mai digiri na farko ko na biyu. Ga wanda ya riga ya zama dakta yana koyarwa, komawa aji ne.

Dakta kuwa, manyan ƙofofinsa biyu ne. Akwai zamalar Marie Curie ta Tarayyar Turai, wadda ɗan kowace ƙasa zai iya nema, ta shekara ɗaya zuwa biyu, da sharaɗin bai wuce shekara 8 yana bincike bayan digirinsa na uku ba, kuma bai zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin shekara uku da suka wuce ba. Albashinta cikakke ne, har da ƙarin kuɗin iyali. Akwai kuma zamalar Georg Forster ta Gidauniyar Humboldt a Jamus, wadda aka keɓe wa masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, daga wata 6 zuwa 24 ga sabon dakta, ita ma da kuɗin iyali. Abin da mutanenmu ba su cika ganewa ba shi ne, duka biyun ba a shigarsu kai tsaye. Sai ka fara samun farfesa a wata jami'a da ya yarda ya zama mai masaukinka, ku rubuta tsarin tare. Wato aikin gaske yana farawa ne wata shida ko fiye kafin ranar rufewa, da wasiƙa ɗaya gajeriya zuwa ga mutumin da ka karanta aikinsa da gaske. Wasiƙar da aka tura wa mutum hamsin da kalmomi iri ɗaya, da gani ake gane ta.

To wa za a rubuta wa? Ga ɗan Sudan, Bergen ta ƙasar Norway ita ce ta farko a bakina. Zumuncinta da Jami'ar Khartum ya faro tun lokacin da Fredrik Barth ya koyar a Khartum a 1963 zuwa 1964 ya kuma yi bincike a tsakanin Furawan Darfur. A Bergen ne R. S. O'Fahey ya shafe shekaru yana tattara takardun masarautar Darfur, kuma Cibiyar Chr. Michelsen ta garin har yanzu tana aikin haɗin gwiwa da malaman jami'o'in Sudan. A Ingila, Jami'ar Durham tana riƙe da taskar takardun Sudan tun 1957, wasiƙu da rahotannin jami'an mulkin mallaka, waɗanda suka yi zamani da kafuwar gonakin Jazira bayan gama madatsar Sinnar a 1925, lokacin da kakanninmu masu tafiya Makka a ƙafa suka yi ta tsayawa suna tsinkar auduga. Duk mai son gano tushen tambayar "ƙasar wa ce wannan?" a Nilul Azrak ko Gadarif, akwai rabonsa a can. Wanda kuma hankalinsa ya fi karkata ga lissafi, Jami'ar Uppsala ta Sweden ce ke riƙe da sananniyar ma'ajiyar alƙaluman yaƙe-yaƙe, cibiyar binciken zaman lafiya ta PRIO kuma tana Oslo tun 1959.

Akwai wata ƙofa da ƙanena ya ƙi kallo da farko, ta malaman da yaƙi ko barazana ta raba da aikinsu. Cara a Birtaniya, wadda aka kafa a 1933 don malaman da suka tsere wa Hitler, tana nema wa irin waɗannan gurbi a jami'o'in ƙasar. Asusun ceton malamai na cibiyar ilimi ta IIE da ke Amurka, tun 2002, yana ba da har dala 25,000 na shekara, jami'ar da ta karɓi mutum ta ƙara kwatankwacinsa. A Jamus akwai shirin Philipp Schwartz, inda jami'ar ce take nema a madadin malamin, na tsawon shekara biyu. Ya ce min, "Yaya, ni ba sadaka nake nema ba." Na fahimce shi, amma ban yarda da shi ba. Waɗannan shirye-shiryen ma suna tantance ingancin aikin mutum, kuma wanda aka farfasa ofishinsa aka wawashe laburaren jami'arsa, don shi aka yi su. Ga malamin Sudan da ya cancanta, wannan ce hanya mafi gajarta a ganina.

Yanzu Riyad, wadda tafiyar ƙasa da awa biyu ce a jirgi daga nan. Sau da yawa mukan raina abin da ke bakin ƙofa. Cibiyar Sarki Faisal ta Bincike da Nazarin Musulunci, wadda aka kafa a 1983, Yarima Turki al-Faisal ke shugabantarta, tsohon shugaban hukumar leƙen asiri kuma tsohon jakada a Landan da Washington. Tana karɓar baƙin masu bincike, tana da babban laburare da tarin rubuce-rubucen hannu, tana kuma duba al'amuran Afirka. Jami'ar Nayif ta Larabawa ta Ilimin Tsaro, wadda ta faro a 1978 kuma take ƙarƙashin Majalisar Ministocin Cikin Gida na Larabawa, tsaronta na 'yan sanda ne da binciken laifi da fataucin ƙwaya da yaƙi da ta'addanci. Ta fi dacewa da jami'i mai kaki ko wanda ke son digiri a wannan layin, ba mai nazarin alaƙar ƙasashe ba. A nan Jidda kuma akwai Cibiyar Binciken Yankin Gulf da Abdul'aziz Sager ya kafa a 2000, wadda ke shirya taron masana duk shekara a Jami'ar Cambridge ta Ingila. Gabatar da maƙala a wannan taro hanya ce mai kyau ta haɗuwa da farfesan da zai zama mai masaukinka gobe.

Abin da Saudiyya ta fi kowa da shi shi ne kusanci da inda ake yanke maganar. A Jidda aka sa hannu kan sanarwar kare fararen hula ta Sudan ranar 11 ga Mayu 2023. A Riyad aka kafa majalisar ƙasashe takwas na gaɓar Bahar Maliya da Tekun Aden a Janairu 2020. Hedikwatar ƙawancen sojojin ƙasashen Musulmi na yaƙi da ta'addanci, wanda aka sanar a Disamba 2015 kuma Najeriya da Nijar da Chadi da Sudan ke ciki, tana Riyad. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da Bankin Musulunci suna Jidda. Mai Larabci da Hausa, wanda ya san Agadas ya san Kasala, zai iya rubuta abin da masanan Larabawa ke buƙata kan Sahel, su kuma ba su da masu yi musu da yawa. Ga iyali kusa, ga Harami, ba sanyi ba kaɗaici.

Amma in faɗi gaskiya yadda na faɗa wa ƙanena. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ƙasar da ke masaukinka tana da hannu da buƙata a yawancin abubuwan da za ka so ka bincika, daga yaƙin Yaman da aka fara a Maris 2015, wanda sojojin Sudan suka shiga, har zuwa sulhun Sudan ɗin kansa. Akwai tambayoyin da mai igama, wato takardar zama, ba zai rubuta su da sakin jiki ba. Kowace ƙasa tana da nata shingen, Amurka ma tana da shi, sai dai na nan ya fi kusa da jiki. Sannan zamalar baƙo a wurare da dama ofis da laburare ce kawai, saboda haka tun a wasiƙar farko mutum ya tambaya ƙarara: akwai kuɗin wata, akwai masauki, wa zai ɗauki nauyin takardun zama? Kuma rubutun da ya tsaya a Larabci kaɗai ba ya isa teburin masu zaɓe a Turai. Wanda ya yi shekara a Riyad ya tabbata ya fito da maƙala ɗaya da Turanci ko Faransanci.

Komawa Afirka ma zaɓi ne, kuma ga wasu shi ne daidai. Shirin APN na nazarin gina zaman lafiya a Afirka, na majalisar binciken zamantakewa da ke New York, wanda aka fara a 2012 da kuɗin Gidauniyar Carnegie, ya saba ba da har dala 15,000 don binciken fili na wata shida, da horon rubutu. Sharaɗinsa dai mutum ya zama ɗan Afirka mazaunin Afirka, abin da ya fitar da mu mazauna Hijaz, amma ya shigar da wanda ya gama Madina ya koma koyarwa a Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Abdou Moumouni. Akwai Cibiyar Nazarin Zaman Lafiya da Tsaro ta Jami'ar Addis Ababa, tun 2007, a garin da Tarayyar Afirka take, da Cibiyar Kofi Annan a Accra, da majalisar binciken zamantakewa ta Afirka, CODESRIA, a Dakar. Kuɗin bai kai na Turai ba, sunan bai kai na Harvard ba. Amma zuwa da kai ya fi saƙo: mai binciken 'yan bindigar Zamfara ko hanyoyin makamai daga Libiya, shaidunsa suna can, kuma wata shida na hira da mutane cikin harshensu shi ne jarin da zai sayar a Bergen ko Stanford daga baya.

Akwai abu guda da ba ya cikin kowane fom, amma ya fi duk waɗannan nauyi ga wasu daga cikinmu, wato igama. Ɗalibin da ya zo daga Kano ko Maraɗi, in ya gama ya tafi, gida ya koma. Amma yaron da aka haifa a Shari' Mansur ko Hindawiyya, uwarsa da kabarin kakansa suna nan, fasfonsa kuwa na ƙasar da bai taɓa kwana a cikinta ba, shi fita ta shekara biyu tana iya zama fita ta har abada in igamarsa ta mutu yana waje. Irin wannan kada ya sa hannu kan komai sai ya zauna da kafilinsa ko mahaifinsa sun daidaita yadda za a riƙa sabunta takardar zama da ta fita da dawowa. In hakan ba zai yiwu ba, ni shawarata ya fara da Riyad, ya riƙa fita taruka na mako ɗaya ko biyu, har ya gina suna.

Da na jera masa duka, ga inda na tsaya. Bahaushe mai fasfon Saudiyya, mai Turanci mai ƙarfi, wanda bincikensa ya taɓa nukiliya a yankin Gulf ko tsaron jiragen ruwa a Babul Mandab ko hare-haren intanet, ya nemi Belfer da CISAC ba tare da jin tsoro ba, kuma kada ya tsaya a guda ɗaya, domin masu nema suna da yawa ƙwarai, gurabe kaɗan. Matashi ko matashiya mai digiri na biyu da fasfon wata ƙasar Afirka, ALC. Dakta ɗan Najeriya ko Nijar mai niyyar komawa, ya koma ya yi binciken fili, sannan ya nemi Humboldt ko Marie Curie da sabbin bayanai a hannunsa. Shi kuwa ƙanena, na ce masa ya riƙe igiya biyu lokaci guda: ya miƙa takardunsa ga Cara da asusun IIE, ya kuma rubuta wa malamai biyu kacal, ɗaya a Bergen ɗaya a Durham, waɗanda ya riga ya karanta aikinsu tun yana ɗalibi.

Da farko ya so ya sake wa bincikensa riga, ya mayar da shi kan gasar manyan ƙasashe a Bahar Maliya, don ya ji ita ake yayi. Na hana shi. Masu rubutu kan tashoshin jiragen ruwa da sansanonin soja a Jibuti sun yi yawa, kuma sun fi shi kayan aiki. Amma mutumin da zai zauna da dattawan garin Mai Wurno na Sudan su yi magana da Hausa, ya tashi ya karanta takardun kotun ƙasa da Larabci, ya kuma san abin da neman sarauta yake nufi ga wanda kakansa ya share daji shekara ɗari da suka wuce har yau ana ce masa baƙo, irinsa ba su da yawa a duk jami'o'in da na lissafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yanzu haka yana fassara babi na huɗu na kundinsa zuwa Turanci, yana rage shi daga shafi 60 zuwa 25, kuma kowace Juma'a bayan la'asar yakan kawo min shafukan da ya gama mu bi su layi-layi.